Shekarar Curin Wuta

Ummi, na san abin da aka gaya miki, na kuma san ƙannenki sun ji: wai ranar da kike naƙudar Khalil, uwarki tana Dubai zaune gaban talabijin tana buga gem da ubanki. Ba zan ce ƙarya aka yi mini ba. Gwaggonku Hajara da idonta ta ga rimot ɗin gem a hannuna lokacin da ta kira mu ta bidiyo. Abin da ba ta gani ba shi zan rubuta a nan, domin wanda ya hana ni faɗa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, kuma kafin ya tafi ya sake mini baki. Abdul da Sadiya, ku ma ku karanta, amma da yayarku nake.

Kun san yadda muka je can. Ubanku Malam ne ya fara tafiya, yana aikin takardun kayan jirgi a wani kamfani a Port Saeed, kusa da inda jiragen ruwa na katako ke lodi. Ni sai bayan an kai ki ɗakinki na bi shi, na sami aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Al Rigga. Muna zaune a Muraqqabat, hawa na huɗu, fulat mai ɗaki biyu. Ɗaya namu, ɗaya na Istifanus, mutumin Kafanchan, mai gyaran lif, na'urar hawa bene, magidanci da ya baro mata da 'ya'ya uku a gida. Falo da kicin na kowa ne. Ni Mama yake ce mini, Malam kuma Baba. Idan muna azumi ba ya ɗora tukunya sai an sha ruwa, ran Kirsimeti ni nake soya masa kaza. Laifinsa ɗaya ne a wurin Malam, wato gem. Duk Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can a lokacin, zai jona na'urarsa a talabijin ɗin falo ya yi ta dambe da wasu mutanen zane. Malam in ya zo wucewa sai ya girgiza kai ya ce, gemu-gemu da kai. Kai Abdul ba sai na tuna maka inda naka gem ɗin ya ƙare ba, a ƙasan akwatin ƙarfe, har batir ya narke a cikinsa.

Wata Talata da safe Malam yana ɗaura agogo, agogon ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, shi ma ya bi shi. Istifanus ne ya kira motar asibiti, shi ya tallafe kansa har suka iso. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Ƙafar ta dawo da wuri, yana jan ta amma tana tafiya. Bakin ya ɗan karkace. Hannun kuwa ya kwanta a cinyarsa kamar na wani aka ba shi ajiya. Kwana uku yana asibiti kafin maganarsa ta fito sosai, abin da ya fara ce mini kuma shi ne:

"Rabi, kada Ummi ta ji."

Na ce, "Malam, 'yarka ce. Ai dole ta ji."

"Cikinta wata nawa?"

"Uku."

"Wancan a wata nawa ya zube?"

Shi ma a wata uku ne.

"To ki ce hawan jini ne ya ɗan taɓa ni. Kada ki gaya wa ƙannenta, ba sa riƙe magana. Kada ki gaya wa Hajara. Amana na ba ki."

Haka aka yi. Shi ya sa a watannin nan kuka riƙa cewa Baba ya rage surutu. In kun kira, ni nake riƙe wayar, in karkata ta yadda gefen damansa kawai za ku gani, ya yi muku gaisuwa biyu ya ce zai je salla.

Da muka dawo gida sai na gane ciwon da ke jikinsa ƙarami ne a kan wanda ke zuciyarsa. Mutumin da bai taɓa yarda a ɗaukar masa jaka ba, yau ni ke ɓalle masa maɓallin riga, ni ke zuba masa ruwan alwala. Likitar gashi, wato mai motsa masa gaɓoɓi, wata 'yar Filifin mai haƙuri, tana ganinsa sau uku a mako. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, da wake a kwano ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya da yatsun hagu. Tana ce masa, shwaiya shwaiya, Baba, wato sannu-sannu. Ni kuma ta ja ni gefe ta ce watannin farko su ne komai, abin da hannun bai koya ba a cikinsu da wuya ya koya daga baya. In na tafi aiki na bar masa ƙwallon a kan kujera, a nan nake dawowa in same shi. Waken kuwa ya ce in dafa mu ci, shi ba kaza ba ne. Kamfaninsu sun jira shi iya jiransu, sannan suka sallame shi cikin mutunci. Bizarsa ta koma ƙarƙashin tawa, inshorar da ke biyan gashin ma ta wurin aikina. Ranar da aka buga masa sabuwar bizar ya daɗe yana kallon fasfo ɗin, daga nan ya juya fuskarsa bango. Ya fi mako biyu ba ya cewa komai sai amsa sallama.

Tun da aka kwantar da Malam, Istifanus ya daina jona gem, don kunya. Wata Juma'a bayan la'asar ya ɗauka Malam barci yake a ɗaki, ya jona ya rage murya. Ina kicin ina yanka kuɓewa na ga Malam ya fito yana dafa bango, ya zauna a kujerar baya. Istifanus ya kai hannu zai kashe, Malam ya ce bar shi. A gem ɗin mutum biyu ne ke tsayawa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su yi ta naushi da shuri har ƙarfin ɗaya ya ƙare. Wanda Istifanus ke so wani gajere ne mai sanƙo da faffaɗan ƙirji. Shi wannan gajeren ba ya matsowa. Can ƙarshen fili yake tsayawa ya dunƙule wuta a tafin hannunsa ya wurgo, ta tafi ta sami abokin karawarsa a ƙirji. Kun san ubanku jikan mahauta ne, a filin dambe na Gusau ya tashi. Ya kalla ya kalla, sai na ji muryarsa, wadda na yi kwanaki ban ji da ƙarfi haka ba.

"Wannan gajeren matsoraci ne. Namiji ya matso a gwabza, ya tsaya can yana jifan mutane da curin wuta kamar mai rabon fura."

Istifanus ya ce, "Baba, ai dabara ce."

"Dabarar ragwaye."

"To ga ɗaya rimot ɗin, Baba. Ka zo ka matso ɗin mu gani."

Na ajiye wuƙa, don na ɗauka zai tashi ya koma ɗaki. Sai ya miƙa hannun dama. Istifanus ya ɗora masa rimot ɗin a cinya, ya ɗauki hannun hagun ya kwantar a gefensa, ya nuna masa: maɓallan dama su ne naushi da shuri, ɗan sandan da ke hagu kuma shi ke tafiyar da mutum, da babban yatsa ake tura shi. Malam ya yi ta danna naushi, mutuminsa na ta dukan iska a wuri ɗaya, don yatsan da zai matsar da shi gaba ba ya motsi. Istifanus kuwa, Allah ya saka masa, bai tausaya masa ba. Ya tsaya can nesa ya yi ta aiko masa da curi har mutumin Malam ya faɗi. Sau uku ana haka. Na ga jijiyar wuyan Malam ta tashi. Wata biyu rabon da in ga ya yi fushi, ban taɓa sanin zan yi murna da fushinsa ba sai ran nan.

"Yaya ake yin abin nan?" in ji shi.

"Wanne, Baba?"

"Na ragwayen."

Abin a baki ba wuya. Ka ja ɗan sandan ƙasa, ka murza shi ya zagayo gaba ba tare da ka ɗaga yatsa ba, kana isowa gaban ka danna naushi da dama. In ka yi daidai, wuta ta fita. In ka yi jinkiri ko yatsa ya zame, sai gajeren ya durƙusa ya kai wa iska naushi. Yaro ɗan shekara bakwai a minti biyar zai koya. Ubanku, da shi ma ya koma zaɓar gajeren, mako biyar ya yi. Da farko da hannun dama yake ɗora babban yatsan a kan sandan. Daga baya yatsan ya fara ja ƙasa da kansa, amma zagayowar ta gagara. Gajeren nan ya durƙusa a falonmu ya fi a ƙirga. Na gaya wa likitar gashi ina jin kunya, sai ta yi dariya ta ce in dai yatsan na aiki, ko me yake murzawa ya murza.

Istifanus aikinsa na kira ne, lif in ya tsaya ba ya jiran kowa, don haka ni na zama abokiyar karawa. In na dawo daga aiki na yi la'asar, sai in ɗauki ɗaya rimot ɗin. Aikina kawai in kai mutumina ƙarshen fili in tsaya, in jira wutar da ba ta zuwa. Ina nan zaune yatsana ya koyi abin da kansa, a kwana biyu. Na ɓoye. Wata rana hankalina ya tafi kan tuwon da na bari a wuta, ban ankara ba sai ga curi ya fita daga hannun mutumina ya bugi nasa. Malam ya juyo ya kalle ni.

"Tun yaushe kika iya?"

"Kuskure ne, Malam."

"Rabi."

"Tun makon farko."

Ya ajiye rimot ɗin a cinya. Sannan ya ce, "Kina sa mini riga, kina yanka mini nama a kwano, duk na haƙura. A nan kuma kada ki ƙara tausaya mini. Ki jefe ni."

Na jefe shi. Ina jifa ina istigfari a zuci, shi kuma yana ta ƙoƙarin ramawa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin esi. Ranar da tasa ta fita, Laraba ce, ana gab da kiran magariba, Istifanus ya shigo ke nan da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Na ga babban yatsan ya sauka, ya zagayo a hankali kamar mai lallaɓa jariri, sai ga wuta ta taso daga gefensa ta ratsa fili ta sami mutumina. Istifanus ya sauke jakarsa a hankali. Malam ya kalli yatsan, ya kalle ni, ya yi dariya da karkataccen bakinsa, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya sa hannun dama ya rufe fuska. Istifanus ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa don ya ba shi wuri. Bayan kwana huɗu ya ɓalle maɓalli ɗaya na rigarsa da kansa. Da na kai hannu zan ƙarasa masa sauran, ya buge mini hannu.

Bayan 'yan makonni cikinki ya shiga wata takwas. Tun kafin ciwon na yi miki alkawari zan zo in zauna har ki yi arba'in, ni zan dafa miki ruwan wanka, ni zan dama miki kunun kanwa, kamar yadda tawa uwar ta yi mini a haihuwarki. Amma hutuna na shekara ya ƙare a jinyar asibiti. Na sami shugabar sashenmu, ta saurare ni da kyau, ta ce mako guda za ta iya ba ni, fiye da haka sai dai su ɗauki wani. In aikin ya tafi, bizarmu ta tafi, gashin ya tsaya. Mako gudan ma na auna shi: wa zai yi masa wanka, wa zai kai shi asibiti, in kuma ya sake faɗuwa Istifanus na can cikin ramin lif fa? Likita ya riga ya ce kada ya hau jirgi tukuna. Na kawo wa Malam maganar muna cin abincin rana.

Ya ce, "Ki tafi. Haihuwar fari ce. Yarinya na son uwarta."

"In na tafi, hannun fa?"

"Hannu ɗaya ya ishi tsoho."

"To ka bar ni in gaya mata gaskiya, ta san dalili."

"Ta haihu lafiya tukuna."

Na kalli hannun a kan tebur. Ranar ya fara riƙe gefen kwano da shi. Na ce ba zan tafi ba. Ya ce zan yi da-na-sani. Na ce na sani. Ni na yanke wannan, Ummi, ba shi ba, kada ki ɗora masa. Da na kira ki na ce ba a ba ni hutu a wurin aiki ba, sai kika ce, "Ba komai, Mama, Allah ya taimaka." Na haife ki, na san yadda ba komai ɗinki yake.

Ranar haihuwar Juma'a ce. Tun da hantsi mijinki ya aiko cewa an tafi asibiti. Na share falon da na riga na share, na wanke kwanukan da ba su da datti, na yi nafila, na dawo na tsaya bakin taga ina kallon masu shiga shagon canji a ƙasa. Wayar na hannuna, ba ta yi ƙara ba. Malam na kallona daga kujera. Can ya jawo rimot biyu, ya miƙo mini ɗaya da hannun hagu, rimot ɗin bai suɓuce masa ba.

"Zo ki tsaya mini can nesa. In kika ci gaba da zagayen nan za ki huda musu bene."

Na zauna. Ban san me nake dannawa ba, bakina na ta addu'a, hawaye na hana ni ganin talabijin ɗin. Shi kuma yana ta jifa, wata ta fita wata ta ƙi, yana ƙirga mini da ƙarfi don ya ɗauke mini hankali. A haka kiran Hajara ya shigo. Na amsa da rimot a hannu, ƙarar dambe na tashi a bayana. Ta ce an sami namiji, uwa da ɗa lafiya. Sannan ta ƙura ido ta ce, "Me nake gani haka, Rabi? Wasa kuke yi?" Na juya wayar da sauri zuwa gefen daman Malam kada ta ga bakinsa, ban tsaya na ba ta amsa ba. Kafin suna labari ya gama dangi.

Bayan kin haihu na ce masa to yanzu fa. Ya ce a bari ki gama wanka, mai jego ba a tayar mata da hankali. Kafin ki gama, annobar korona ta rufe hanya, jirage suka tsaya. Ya ce me amfanin gaya musu abin da ba za su iya zuwa su gani ba. Daga baya na gane kunya ce kawai. Ba ya son ku san akwai lokacin da matarsa ke ɗaura masa tazuge. Watannin kullen nan mu uku muka yi su a falon, ni ina fita aiki da takardar izini, su biyu suna dambe. Har ya kai yana cin Istifanus wani lokaci, kuma bai fasa cewa dabarar ragwaye ce ba. Bai koma aiki ba, yatsu biyu na ƙarshe ba su taɓa miƙewa ba. Amma ya koma yin alwalarsa, yana sa hularsa, yana ɓare lemo.

Sai da Khalil ya fara gudu muka dawo gida gaba ɗaya. Kin tuna ranar a Zariya. Kin fito da shi a kafaɗa, kin durƙusa kin gaishe mu, kika miƙa wa babanki shi. Ya sa hannu biyu ya karɓe shi, ya ɗaga shi sama. Ku kun ga kaka ya ɗauki jika. Ni na ga babban yatsan hagu a ƙarƙashin hammatar yaron, ya riƙe gam. Na jira ki ce ga kakarka, ba ki ce ba. Da kaina na miƙa hannu, yaron ya maƙale wa kakansa yana kuka, bai san ni ba. Kika ce, "Ƙiwa yake yi," kika shiga ciki ɗauko ruwa. Tun daga ranar ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba. Kina gaishe ni, kina aiko mini da sabulu da atamfa da salla. Amma ba ki ƙara kirana don ki tambaye ni yadda ake wani abu ba.

Da ciwon ya dawo masa bara, a kwanakinsa na ƙarshe, ya kama hannuna da hagun nan ya ce, "Na sa kin biya abin da ni ya kamata in biya. Ki gaya mata." Na so in faɗa miki a zaman makoki, mutane sun yi yawa. Na so in faɗa bayan na fita takaba, bakina ya yi nauyi. Ni ma ashe ina da irin kunyar tasa.

Ban rubuta wannan don ki ce na yi daidai ba. Kin yi naƙudar fari kina waiwayen ƙofa, uwarki ba ta shigo ba, wannan ba abin da zai goge shi. In an mayar da ni wancan teburin, da kwanon nan da hannun nan, ina jin abin da na zaɓa shi zan sake zaɓa, kuma zan sake jin zafinsa.

Sadiya ce ta gaya mini kina da ciki, wai watan Rajab ake sa rai. Ban ji daga bakinki ba, ban kuma yi fushi ba. Na sa an surfa gero, na sayi kanwa ungurnu, na yi wa mai itace magana. Ƙafafuna sun fara ciwo, amma har yanzu ina iya ɗaga tukunyar wanka. In kin ce in zo, zan zo tun kafin watan ya kama. In kuma kin riga kin shirya da wata, ki aiko a karɓi garin kunun, na gida ya fi na kasuwa.